Kwana Bakwai Sikeli Yana Zaɓen Harsashi

Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin awo, yana zagaya kasuwanni da 'yar jakarsa yana kama masu tauye ma'auni. Tun kafin ya yi ritaya sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa sai Sikeli, shi kuwa kafin ka gama faɗa ya amsa. Da ya bar aiki ya rasa wanda zai kama, sai ya dawo kan maƙwabta. Ya gaya wa kafinta cewa ƙafa ɗaya ta bencinsa ta fi sauran tsawo da rabin santimita. Ya gaya wa mai walda cewa ƙofar shagonsa a karkace take. Abin haushin, in aka auna sai a tarar gaskiyarsa ce. Daga nan ne mutumin ya ɗauka babu wani abu a duniya da bai sani ba.

A bayan unguwar, a gangaren da ya sauka zuwa rafi, akwai lambun ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Mai Lambu. Kabeji ne da karas da dankali, saura mako uku a fara cira. Sai ga wani ƙaton aladen daji ya ɓullo daga kurmin tsallaken rafi. Da farko a ɓoye yake zuwa. Da ya ga babu mai ce masa kanzil, sai ya mai da abin aiki: ƙarfe biyar na yamma ya iso, ya tone kunya biyu, ya sha ruwa a kwamin da ke gindin ɗakin injin ban ruwa, ya koma. An buga masa gwangwani, ya ɗaga kai ya saurara, ya ci gaba da ci. An kawo kare, karen ya leƙa sau ɗaya ya juya, tun daga ranar in an ce masa lambu sai ya shige ƙarƙashin mota.

Aka taru a rumfar mai walda, aka kira wani tsohon maharbi da ke ƙarshen layi, wanda ake ce wa Baba Maharbi. Mutum ne da magana take yi wa wuya, in ya ce uku a yini ya yi surutu.

“Ku karɓo mini takardar izini a ofishin gandun daji,” in ji shi. “Kwana biyu ya ishe ni.”

Har Mai Lambu ya buɗe baki zai yi godiya, Sikeli ya gyara tabarau.

“Baba, da wane harsashi za ka harbe shi?”

“Wanda na saba.”

“Nauyinsa giram nawa?”

“Ban taɓa tambayarsa ba.”

Aka kwashe da dariya. Sikeli ya jira ta lafa.

“Faɗinsa fa?”

“Yana shiga bindiga, yana fita.”

“Kun ji ko?” Sikeli ya juya ga jama'a yana ware hannu. “Shekara arba'in bawan Allah yana harbi a kan sa'a. Jama'a, babbar dabba ba a yi mata harbin dace. Bindiga bututu ce kawai, kowa ya iya riƙe bututu. Aikin duk yana ga harsashi: nauyi, faɗi, tsini. Wanda ya san waɗannan ukun, ko idonsa a rufe sai ya sami ƙuda a taku ɗari biyu.”

“Kai ka san su?” in ji kafinta.

“Ni da na auna zinariya?”

Ya ce su bar masa maganar takarda, yana da mutane a ofishin. Washegari kuwa ya dawo da ita da hatimi ja. Dokar a fili take: izini ɗaya, mutum ɗaya, bindiga ɗaya, kwana bakwai. Mai Lambu ya karanta, ya sake karantawa.

“Yaya, sunanka nake gani a nan.”

“Sunan wa kake so ka gani?”

“Na Baba mana. Tsakani da Allah, ka taɓa harba bindiga?”

“Likitan da ke karɓar haihuwa, sai ya taɓa haihuwa?”

Bindigar tana nan kuwa. Gadon kawunsa ce, irin ta ɗuri, wadda ake zuba wa albarushi ta baki, a tura harsashi, a bi shi da sanda. Shekara ashirin tana rataye a bangon falo. Da ya sauko da ita, sai da ya fara sallamar zanzaron da ya yi gini a cikin bututun.

Rana ta farko zane aka yi. Teburin cin abinci ya cika da takardu, rula, da harsasai iri uku da aka zana da jan biro. Rana ta biyu mai walda ya yi masa mazubi bisa zanen, shi kuma ya hura wuta a tsakar gida yana narka dalma. Matarsa ta dawo daga makarantar da take koyarwa, ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa.

“Maigida, wannan ba tukunyata ba ce?”

“Yanzu ta al'umma ce. Aikin ceto take yi.”

“Cokalin miyar fa?”

“Shi ma an ɗauke shi aiki.”

“To, Allah ya ba da sa'a. In yunwa ta kama ka sai ka je al'umma ta dafa maka.”

Rana ta uku ya fito rumfar mai walda da harsashinsa na farko a tafin hannu, dunƙule guda mai nauyi kamar ƙwan kaza ya yi tauri. Ya ce sunansa Cika-baki, domin babbar dabba nauyi take jin tsoro. Ya zuba albarushi, ya ɗora harsashin a bakin bindiga, ya danna. Harsashin ya shiga tsawon ɗan yatsa ya tsaya. Abin da Sikeli bai lura da shi ba, bakin bututun da ya auna ya buɗe saboda shekaru ana zura masa sanda, cikin kuwa yana nan a matse.

Ya danna da sanda, shiru. Ya hau sandar da nauyinsa, shiru. Ya ari gudumar kafinta ya buga sau shida, harsashin ya ƙara nisan taƙi guda ya kafe, ba gaba ba baya.

“Mai walda, ɗan gasa mini bututun nan ya buɗe.”

“Akwai albarushi a ciki?”

“Cokali biyu ne kacal.”

Mai walda ya kashe injinsa, ya cire tabaran aiki, ya fita daga rumfar, ya tsallaka titi. Daga can ya ɗaga murya: “Fitar mini da ita daga shago!”

Baba Maharbi ne ya karɓi bindigar. Ya tsiyaya mata mai, ya ɗaura ƙusa mai murɗi a kan sanda, ya murɗa ta cikin dalmar, ya taka gindin bindigar ya ja. Sai da suka yi kusan awa guda kafin abin ya fito a lanƙwashe. Ya miƙa wa Sikeli.

“Wannan na bindigar da ta fi wannan ne.”

“Harsashin daidai yake,” in ji Sikeli. “Bututun ne aka ƙera ba bisa ƙa'ida ba. Da a lokacin ina aiki ne, da na rufe masana'antar.”

Da yamma Mai Lambu ya zo ya ce alade ya gama da karas ɗin gefen rafi, ya shiga kabeji.

“Bar shi ya ci,” in ji Sikeli. “Gwargwadon ƙibarsa, gwargwadon sauƙin samunsa.”

Rana ta huɗu aka zo da na biyu, dogo mai tsini kamar fensir. Sikeli ya ce yanzu ya gane nauyi ba shi ne ba, tsini ne ke keta iska. A filin bayan shaguna aka jingine wata tsohuwar ƙofa a jikin tudun ƙasa, ya zana alade a jikinta da gawayi. Kafinta ya daɗe yana kallon zanen.

“Tebur za mu harba?”

“Alade ne.”

“To ya aka yi masa aljihu?”

“Kunne ne wannan. Matsa baya.”

Baba Maharbi ya ɗauki harsashin ya juya shi a hannu. “Bututunka sumul yake, ba shi da zaren da zai juya dogon harsashi. In ya fita alkafura zai riƙa yi. Mulmulalle yake so.”

“Baba, mulmulalle na zamanin da ba a san lissafi ba ne.”

Ya auna taku hamsin da tef, ya tsaya, ya rufe ido ɗaya. Da ya ga har yanzu ƙofar tana rawa, sai ya rufe ɗayan ma. Bai manna gindin bindigar a kafaɗa ba, ya bar mata tazara wai don ta sha iska. Ya ja kunama.

Ƙarar ta tayar da tantabarun layi uku. Da hayaƙi ya washe, sai aka ga bindiga a wuri ɗaya, hula a wani wuri, Sikeli kuwa zaune daɓas a cikin kwata, ƙafafu sama. Ƙofar tana nan lafiya lau. Can hagu, taku talatin daga inda aka auna, tankin ruwan mai walda yana tsiyaya ta wata ɓula mai siffar kifi.

“Tankina!” in ji mai walda.

“Kada kowa ya taɓa komai!” Sikeli ya fito daga kwatar yana ɗingishi, ya ja tef daga ƙofa zuwa tanki, ya rubuta a littafinsa. “Madalla. Yanzu mun san halinsa. Taku talatin yake karkata hagu. Abin da ake nema a gwaji ke nan.”

“Ni abin da nake nema ruwa ne,” in ji mai walda.

“Kai da kake da walda?”

Rana ta biyar ya dawo da kafaɗa ɗaure da tawul. Tunda harsashin hagu yake zuwa da taku talatin, sai ya auna taku talatin dama da ƙofar, ya saita can. Wannan karon harsashin ya tafi daidai inda aka nuna masa, ya ratsa allon shagon kafinta, ya shiga ciki ya fasa madubin wata sabuwar sif ta ajiye tufafi da mai ita zai zo ɗauka da yamma.

Kafinta bai yi ihu ba. Ya shiga, ya fito da guntun madubin, ya riƙe shi a gaban fuskar Sikeli.

“Duba nan. Ka san wannan mutumin? In ka gan shi ka ce masa ina nemansa.”

“Iska ce ta canza.”

“Ko ganye bai motsa ba.”

“A ƙasa ba. Harsashi a sama yake tafiya.”

Kafin azahar matarsa ta fito da bokitin wanki, ta ratsa jama'a, ta fara shanya fararen kayanta a jikin ƙofar gwajin.

“Me kike yi haka?” in ji Sikeli.

“Duk unguwar nan babu inda ya kai nan aminci.”

A ranar, Mai Lambu bai tsaya a rumfa ba, har falo ya same shi. Takalmansa duk laka, ya zauna a bakin kujera bai jingina ba.

“Yaya, ba wasa ya kawo ni ba. Rabin kabejin ya tafi. Wata uku ina tashi tun kafin kowa ina jan ruwa. Ko idon yarana ba na iya kallo in na koma gida. Ka bar wa Baba takardar nan, babu wanda zai ce komai.”

Sikeli ya gyara ɗaurin tawul. Kafaɗarsa ta yi baƙi ƙirin, ko riga da ƙyar yake sawa, kuma tun harbin farko in ya ji an rufe ƙofa da ƙarfi sai gabansa ya faɗi. A ransa ya so ya ce to. Har kalmar ta zo maƙogwaro. Sai ya tuna mutum nawa ya gaya wa maganar ƙuda a taku ɗari biyu, har da tsofaffin abokan aikinsa da ya buga wa waya ɗaya bayan ɗaya.

“Ƙanina, saura ƙiris. Kimiyya ba a yi mata gaggawa.”

“Aladen ma ba ya gaggawa, Yaya. A hankali yake ci.”

Rana ta shida Sikeli ya sanar a rumfa cewa bayan dogon bincike ya gano mulmulallen harsashi ne ya dace da wannan bututun. Kowa ya juya ya kalli Baba Maharbi. Baba yana kallon titi.

“Amma ba irin na mutanen da ba,” in ji Sikeli. “Abin da ke rage wa harsashi gudu shi ne gogayya da bango. Na rage masa faɗi da magagari, na goge shi da toka, na shafe shi da man keke. Ku duba yadda yake sheƙi.”

Baba ya karɓa, ya jefa shi a bakin bindigar, ya karkata ta, ya tare shi a tafin hannu. “Ya yi sako-sako. Naɗa masa ƙyalle mai maiko ya kama jiki.”

“Ƙyalle? Harsashi ne ko jariri?”

“Shi ne ke riƙe shi.”

“Baba, wanda ke son gudu ba ya sa babbar riga.”

Ya so ya yi gwaji, amma mai walda da kafinta suka tsaya a bakin filin, ɗaya riƙe da guduma ɗaya da zarto, suka ce in ya ga an sake gwaji a nan to bayan ransu ne. Sikeli ya ce dama abin da lissafi ya tabbatar ba ya bukatar gwaji.

Rana ta bakwai, ranar ƙarshe ta izinin, tun ƙarfe huɗu hanyar da ke saman gangaren ta cika. Mata da maza, masu shaguna sun rufe, har da waɗanda mota ta sauke suka ga taro suka tsaya. Ofishin gandun daji ya aiko jami'i da fayil a hammata, domin doka ta ce sai an shaida. Aka yi ta gardamar inda ya fi aminci a tsaya, daga ƙarshe kowa ya laɓe bayan wata tifa da ta lalace a gefen hanya, kawuna kawai ake gani.

Sikeli ya iso da hular kwano da ya ara wurin wani mai babur. Ya zaɓi rufin ɗakin injin, domin daga nan kwamin ruwan yana ƙarƙashinsa kai tsaye. A gaban jami'i ya zuba albarushi, ya yage shafi ɗaya daga littafinsa ya dunƙule ya danne da shi, sannan ya jefa harsashin. Aka ji ya sauka ƙwal.

“Ka ji? Ko sanda ba ya bukata. Rubuta wannan.”

“Babu gurbinsa a takardar, yallaɓai.”

“Rubuta a gefe.”

Ya hau tsani riƙe da bindiga bakinta sama, ya kwanta rub da ciki a kan kwanon rufin. Kowa ya koma bayan tifa.

Ƙarfe biyar da 'yan mintoci ciyawar bakin rafi ta motsa. Sikeli bai taɓa ganin aladen da idonsa ba, a takarda kawai ya san shi, kuma na takardar ba shi da haure. Wannan kuwa kamar an ɗora buhu uku a kan gajerun ƙafafu, gashin ƙeyarsa a tsaye, haure biyu sun fito kamar lauje. Ya shigo lambun yana taku ɗai-ɗai, ya tumɓuke kabeji ɗaya, ya tauna, ya tofar, ya zaɓi wani. Sikeli ya ƙara lafewa a kan rufin. 

Aladen ya ƙaraso kwami, ya sunkuyar da kai yana sha. Tsakaninsu bai fi tsayin mutum biyu ba. Ko makaho aka ba bindiga a nan sai ya samu.

Sikeli ya ɗana kunama, ya leƙo, ya karkata bakin bindigar ƙasa.

Wurin ya yi tsit, shi ya sa har bayan tifa aka ji. Wani ɗan sauti ne, gurrr, kamar an saki ƙwallo a cikin bututun ruwa. Harsashin nan mai sheƙi ya gangaro a hankali, ya leƙo bakin bindiga, ya faɗo. Ya sauka tim a gadon bayan alade, ya yi tsalle ɗaya, ya faɗa kwami, tsulum.

Aladen ya karkaɗa fata kamar wanda ƙuda ya taɓa, ya ci gaba da shan ruwa.

Yatsan Sikeli kuwa ya riga ya kama hanya, babu mai tsayar da shi. Bindiga ta tashi da albarushi zalla. Wuta ta fito gaba, tartsatsi ya fito baya inda ya manna fuskarsa, guntayen takardar lissafi suka yi ta saukowa suna ci da wuta. Aladen ya zabura, ya juya, ya zura kai tsakanin matakalan tsani, ya kwashe shi a wuya. Haka ya ratsa lambun da tsani a gicciye, yana share kunya uku-uku a lokaci guda, kabeji na tashi hagu da dama. Abin da zai ci a kwana huɗu ya kwantar a minti ɗaya. Sai a bakin rafi tsanin ya sarƙe tsakanin bishiyu biyu, ya zare kansa, ya tsallaka ya shige kurmi.

Mai Lambu ya ɗora hannu a ka. Jama'a suka gangaro, wasu dariya ta hana su tafiya sai da aka riƙe su. Hayaƙi ya washe, ga Sikeli a bakin rufi, fuska baƙa, gira babu ko ɗaya, yana ɗaga hannu.

“Ya same shi! Ku shaida, ya same shi! Daidai gadon baya!”

“Ya same shi kam,” in ji kafinta. “Har na ji tausayin dabbar.”

Jami'i ya buɗe fayil. “Yallaɓai, harsashin harba shi aka yi, ko faɗowa ya yi?”

“Me takardarka ta tambaya? An samu dabba ko ba a samu ba. An samu! Harbi ɗaya, samu ɗaya. Baba, a shekara arba'in ɗinka ka taɓa samun dabba tun kafin ka ja kunama?”

“Ban taɓa ba,” in ji Baba Maharbi.

“Kun ji da bakinsa. A kawo mini tsani.”

Mutum biyu suka jawo tsanin daga bakin rafi. Jami'i ya duba agogo ya ce izinin zai mutu ƙarfe shida. Sabon nema sai ya yi mako shida yana yawo a ofis. Amma in mai izinin ya sa hannu ya miƙa wa wani kafin shida, sabon yana da kwana bakwai cur. Saura minti ashirin.

Mai Lambu ya ji haka, ya karɓi tsanin, ya kwantar da shi a ƙasa, ya zauna a kai.

“Ƙanina, wane irin wasa ne wannan?”

“Na gaji ne, Yaya. Ina hutawa.”

Sikeli ya nemo matarsa a cikin taro. “Ba za ki yi masa magana ba?”

“Zan yi,” in ji ta. Ta juya ga ƙaninta. “Gyara zama, akwai ƙusa a gefen nan.”

Kwanon rufin da rana ta gasa tun safe yana cinsa ta cikin wando. Aka maƙala takardar da biro a kan wata doguwar gora aka miƙa masa. Ya gyara tabaran da gilashi ɗaya ya rage, ya karanta. Akwai gurbi a ƙasa: dalilin miƙa izini. Zaɓi uku ne: rashin lafiya, tafiya, rashin ƙwarewa.

“Na ukun nan bai shafe ni ba. Zan sa rashin lafiya.”

“Sai da takardar likita, yallaɓai, mai kwanan watan yau.”

“Ba ka ga kafaɗata ba?”

“Na gani, amma ni ba likita ba ne.”

“Babu gurbin an kammala aiki cikin nasara?”

“Babu.”

“Saura minti tara,” in ji mai walda.

Sikeli ya kalli na ukun, ya kalli jama'a. Fiye da mutum ɗari, kowa ya ɗaga kai yana jira. Ya danna biro a kan na biyu har sai da takardar ta huje.

“Tafiya. Dama ina da tafiya, aikin nan ne ya riƙe ni.”

Jami'i ya karɓi takardar, ya buga hatimi, ya miƙa wa Baba Maharbi. “To, yallaɓai, sai a kawo mana hoton tikitin mota gobe. Kuma kada a gan ka a gari har izinin ya ƙare, in ba haka ba ya zama bayanin ƙarya a takardar hukuma. Ka fi ni sanin hukuncinsa.”

Ya sani kuwa. Shi da kansa ya sha karanta wa mutane wannan sashen.

“Kwana bakwai?”

“Bakwai.”

“Yayarka ta daɗe tana cewa ka yashe ta,” in ji matarsa. “Bari in je in haɗa maka jaka.” Yadda ta hau gangaren nan, ko 'yar shekara ashirin albarka.

Washegari ƙarfe takwas na safe Sikeli yana cikin bas, kujerar taga, hula a ture har goshi. Motar ta fita daga tasha, ta biyo hanyar saman lambu. Baba Maharbi bai jira ƙarfe biyar ba, tun da gari ya waye ya bi sawu ya tsallaka rafi. Suna hawa gada aka ji ƙara ɗaya daga cikin kurmi. Ɗaya tak. Can ƙasa Mai Lambu ya yar da fartanya, ya ɗaga hannu biyu sama yana tsalle a cikin ragowar kabejinsa.

Sikeli ya gyara zama, ya taɓa mutumin da ke kusa da shi, wani baƙo mai kwali a cinya.

“Ka ji harbin nan? Ɗalibina ne. Mako guda na yi ina nuna masa yadda ake zaɓen harsashi. Tsoho ne, kansa da tauri, amma daga ƙarshe ya ɗauka.”

Baƙon ya juyo, ya ƙura masa ido, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin hular.

“Tsaya. Jiya mota ta sauke ni a nan. Ba kai ne na kan rufin nan ba?”

Sikeli ya ja hular ta sauko har kan tabarau, ya mai da fuska taga.

“Ƙanina ne,” in ji shi. “Mutane suna yawan cewa muna kama.”